Hawan Dutsen Bamenda da Keken Hannu

Ban san abin da ake kira dutse ba sai da muka wuce garin Mamfe a Kamaru. A wajenmu, Gwangwan ta ƙasar Rogo, in an ce tudu ana nufin wurin da jaki zai haye da mangala bai ko sauya numfashi ba. Nan kuwa babbar motar da ta ɗauko mu sai gurnani take tana hawa, ta yi kwana ta sake hawa, har na daina leƙa waje saboda jiri. A saman motar, cikin buhunan albasa, aka ɗaure kekunanmu. Duk sanda muka faɗa rami sai in ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, in ji abin har cikin haƙarƙarina.

Sunana Sabi'u. Shan inna ya kama ni tun ina goye, ban taɓa taka ƙasa da ƙafata ba. Na koyi gyaran keke a Ƙaraye, tun daga faci har ɗaurin waya, kuma keken guragun da nake hawa ni na haɗa abina, walda kawai aka yi mini. Abokin tafiyata Yaya Ɗan'azumi ne, mutumin Fulatan. Shi ma gurgu ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, yana da mata da 'ya'ya. Sana'arsa wankin hula a kasuwar Rogo.

Wanda ya ɗauko mu wani falke ne mai safarar goro, ana ce masa Alhaji Tanimu. Ya ce mana a Bamenda ta ƙasar Kamaru an buɗe wata ma'aikata da ke neman naƙasassu masu sana'ar hannu, akwai ɗaki, akwai abinci, akwai albashi. Ƙarshen shekarun tamanin ne, kayan keke sun yi tsada har mutane sun jingine kekunansu sun koma tafiyar ƙasa. Nakan wuni a rumfa ban taɓa sifana ba. Ba sai da Alhaji ya maimaita maganar ba.

A kan iyaka ya ce mu kama bakinmu, shi zai yi magana da jandarmomi. Muka kama. Ba mu da ko takarda, kuma bai zo mana a rai mu tambayi dalili ba.

Damina ce, hanyar kuwa jar laka zalla. Motar takan kafe, a ce kowa ya sauka a tura. Mu kaɗai ake bari a ciki, muna jin maza na nishi a bayanmu, mun kuma san nauyinmu yana cikin abin da suke turawa. Wani fasinja ya faɗi wata magana da Turancin buroka, sauran suka bushe da dariya. Ban ji abin da ya ce ba, amma na san da mu yake. Yaya Ɗan'azumi ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

A wani ƙauye muka yi zaman jiran a gyara gada. Guzurinmu na ƙuli-ƙuli da garin rogo ya ƙare, Alhaji kuma ya shige gidan wani abokinsa. Wata mata mai gasa agada a bakin hanya ta daɗe tana kallonmu, can ta naɗo guda biyu a ganye ta miƙo ta gefen motar. Na sa hannu a aljihu, ta girgiza kai. Ta dafa ƙirjinta, ta nuna ƙafafuna, sannan ta yi alama da hannu daidai tsawon ƙaramin yaro. Sai daga baya na gane tana nufin tana da irinmu a gida.

Da hantsi muka shiga Bamenda, gajimare ya sauko har kan rufin gidaje. Gari ne a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, unguwanni sun manne a jikinsu. Aka sauya mana mota, a-kori-kura ta hau da mu wata hanya miƙaƙƙiya kamar tsani, ruwa ya zaizaye ta duk tsakuwa, har wani gida a ƙarshen unguwa. Ba injin ko ɗaya a gidan, ba teburin aiki. Tabarmi ne a shimfiɗe, da robobin cin abinci, da wani dattijo makaho da bai fita ba ranar saboda zazzaɓi. Da ya ji muryarmu ya ɗago kai ya ce,

"Daga ina bayin Allah?"

Muka ce daga ƙasar Kano.

Ya ce, "Ku ma ma'aikatar aka ce muku?"

Da Alhaji ya shigo na ce, "Alhaji, ina wurin aikin?"

Ya ce, "Ai ka shigo shi. Da safe mota za ta ajiye kowa inda zai zauna, wani ƙofar masallaci, wani tasha, wani bakin kasuwa. Da yamma ta kwaso ku. Abin da Allah ya bayar a kawo mini, ni ke ciyar da ku."

Na ce, "Ni mai sana'a ne, Alhaji. Ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba."

Bai yi fushi ba. Ya gyara hularsa ya ce, "Ban ɗaure ka ba, Sabi'u. Ga kekenka can, ga ƙofa a buɗe."

Ya san abin da yake faɗa. Keken guragu irin namu na gida an yi shi ne don shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Taya biyu a baya, ɗaya a gaba, kana juya feda da hannu sarƙa na jan tayar gaba. Giyarsa ɗaya, birkinsa 'yar roba ce. In ka doshi tudu da shi nauyinka duk yana baya, tayar gaba sai ta yi ta katantanwa a wuri ɗaya. In kuwa gangara ce, Allah kaɗai zai tsayar da kai. Alhaji bai buƙaci kwaɗo ba, tudun ya ishe shi.

Yaya Ɗan'azumi ya daure na 'yan kwanaki muna zaune tare. Wata safiya na farka na gan shi ya sa riga, ya ja jiki ya nufi ƙofa inda motar ke jira.

Na ce, "Yaya, ina za ka?"

Bai waiwayo ba ya ce, "Sabi'u, kai cikinka kaɗai ka ɗauko. Ni na bar bakuna a gida suna jiran abin da zan aika."

Ya janyo hularsa har kan gira, aka ɗaga shi aka sa a bayan mota. Tun daga ranar ba mu ƙara haɗa ido sosai ba.

Ni kuwa da na ƙi fita, ƙanzon tukunya ake ba ni. Sai in ja jiki in zauna a bakin ƙofa in wuni ina kallon garin a ƙarƙashina. Ba kiran salla a wannan unguwa sai ƙararrawar coci, da rana nake duba lokaci, ita ma ranar ba kullum take fitowa ba. Ba abinci na fi tunawa ba, hanya na fi tunawa. Hanyar Gwangwan zuwa Rogo ranar kasuwa, gonakin rake hagu da dama, ina juya feda da hannu ɗaya ina ɗaga wa mutane ɗayan, masu jakuna na ce mini, "Sabi'u, a rage gudu!" A gida ban taɓa ɗaukar kaina mutumin da ke zaune wuri ɗaya ba. A gidan Alhaji Tanimu na fara jin ni gurgu ne.

Wata safiya bayan motar ta tafi, an ɗauke ruwa, na ce yau ko ni ko gangarar nan. Na ɗaure sifanuna a tsumma na cusa ƙarƙashin kujera, na ƙara ɗaure birki, na yi bisimilla. Da farko na riƙe shi, yana tafiya a hankali yana ƙara. Sai taya ta jiƙe, robar ta daina kamawa. Na matse da dukkan ƙarfina, na ji ta fice ta yi sama. Daga nan gidaje kawai nake gani suna wucewa. A ƙasan gangarar akwai kwana, ga kuma wata mata da ɗaurin itace a ka tana tsallakawa. Na karkatar da kan keken gefen kwalbati don kada in ɗauke ta. Iyakar abin da na sani ke nan.

Na farfaɗo da ƙasa a bakina, hannuna na dama yana kwance gefe kamar ba nawa ba. Mutane sun kewaye ni suna ta magana da harshen da ban sani ba. Sai na ji an ce da Hausa, irin ta wanda ya koya da girma,

"Sannu, ɗan'uwa. Kada ka tashi. Kwanta haka."

Wani dattijo ne ƙaƙƙarfa mai furfura, da sanduna biyu a hammata, ƙafarsa ta hagu babu daga gwiwa. Pa Ngwa ake ce masa. Shagonsa na walda yana nan daidai kwanar. Da can direban motar shanu ne, yana zuwa har Garwa, a wajen 'yan tike ya tsinci Hausa. Motar ce ta faɗi da shi a wani dutse ta cinye ƙafar.

Shi ya kai ni asibiti, aka ce ƙashin kafaɗa ya karye, aka ɗaure. Da aka sallame ni ya tambaye ni inda za a mayar da ni. Na kawar da kai gefe. Ya dube ni, ya dubi saman tudun da na gangaro, bai ƙara tambaya ba ya ce wa mai tasi ya wuce gidansa.

Mai ƙafa in ya karye a hannu sai ya rataye shi a wuya ya ci gaba da harkarsa. Ni da hannu nake tafiya, da shi nake zuwa bayan gida, da shi nake neman abinci. Da hannu ɗaya ko jan jiki ba na iyawa. A wannan kwanciya na yi kukan da ban yi ba ko ina yaro, don na sa a raina in kafaɗar nan ba ta koma daidai ba, to robar bara da na ƙi ita ke jirana har ƙarshen rayuwa.

Pa Ngwa ya haɗa mini wani katako mai ƙananan tayoyi, shi yake jana a kai zuwa bayan gida, yana dogara sanda ɗaya yana ja da igiya. Mutumin da ya haife ni a shekaru. In na ce masa ya bari, sai ya ce, "Ni ma an ja ni." Ya je unguwar Hausawa ya sayo mini buta da tabarma, ya tambayo inda alƙibla take ya zana mini da alli a bango. Matarsa, Mami Bih, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Ta sayi sabuwar tukunya ta nuna mini ita, ta nuna ni, ta nuna sauran tukwanenta ta girgiza kai. A cikinta take yi mini tuwon masara da miyar ganye, in da nama kuwa sai wanda mahautan Hausawa suka yanka.

Alhaji Tanimu ya zo sau ɗaya. Daga ɗaki na ji muryarsa yana cewa yaronsa ne, shi ya kawo ni ƙasar. Pa Ngwa ya tsaya a bakin ƙofa ya tokare ta da sanda, ya yi masa magana a hankali da buroka. Ban san me ya ce ba. Alhaji bai sake dawowa ba.

Sai da damina ta wuce aka kwance ni. Hannun ya rame kamar sillen kara. Pa Ngwa ya ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa, daga nan ya ɗaura sarƙar keke a jikin bango da feda ɗaya in riƙa juyawa. Ranar da na iya kwance noti mai tsatsa da hannun dama, na yi sujada a cikin baƙin man shagon.

Ragowar kekena na jingine a bayan shago, tayar gaba ta naɗe. Pa Ngwa ya daɗe yana juya shi, sannan ya ce, "Wannan na ƙasar da Allah ya shimfiɗa ne. Tamu a tsaye ya bar ta." Muka zauna a kansa. Shi ya san dutse, ni na san keke. Muka ciro birkin wani ƙaramin babur da ya mutu, wanda ke kamawa daga cikin cibiyar taya inda ruwa ba ya shiga. Muka samo giyar keken tsere a wajen 'yan gwangwan. Muka sauke kujera ƙasa muka matso da ita gaba don tayar gaba ta sami nauyi. Ba a tashi ɗaya abin ya yi ba. Sarƙa ta yi ta zamewa, ƙarfen da muka fara sawa ya tsage a gwajin farko, har muka yi musu ya yi fushi ya wuni bai yi mini magana ba. Abu na ƙarshe da muka ƙara wani ɗan harshen ƙarfe ne da ke faɗawa cikin haƙoran giya, ya hana keken komawa baya in ka saki feda a tsakiyar hawa. Wannan ɗan ƙarfe shi ne ya ba ni ikon in tsaya a kan tudu in huta kamar kowa.

Ashe ba ni kaɗai ba ne. Ran Lahadi da yamma, in sun taso daga coci, naƙasassun unguwar sukan taru a shagon Pa Ngwa. Akwai mai ɗinki, akwai mai gyaran rediyo, akwai wata malamar makaranta da haɗarin mota ya zaunar. Suna da wata hanya da suke kira tasu. Tsohuwar turbar mata manoma ce da ke zagaya dutsen a hankali maimakon ta doshe shi kai tsaye. Su suka faɗaɗa ta da fartanya, suka shimfiɗa katako a kan ƙoramu, suka baje wuraren hutawa. Ta bi ta bayan kasuwa, ta wuce asibiti, ta ratsa gefen maƙabartar Musulmi, ta hau har saman dutsen. Ran Asabar ake fita gyaranta. Ni ma na shiga, ina zaune a ƙasa ina fasa dutse da guduma ana cike ramuka.

A kan wannan hanya na sake koyon hawan keke kamar ban taɓa hawa ba. Malamar ce ta koya mini, da hannu da 'yar burokar da na fara ji. Kada ka yi kokawa da tudu, ka sa ƙaramar giya ka bi shi a karkace. Ka haɗa numfashinka da juyin hannunka. A gangara kada ka matse birki gaba ɗaya, ka riƙa taɓa shi kana saki. Na faɗi ba sau ɗaya ba, amma faɗuwar da ake tashi a kakkaɓe riga.

Da na ji hannuna ya yi ƙwari, wata Juma'a na gangara babban masallacin unguwar Hausawa da kaina. Bayan an idar na ga Yaya Ɗan'azumi a bakin ƙofa cikin layin masu bara. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, yana tari. Da ya hango ni a kan keke sai ya juyar da fuska bango.

Na matsa kusa na ce, "Yaya, ina wuni."

Ya ce, "Lafiya. An ce mana ka mutu."

Na ce, "Ban mutu ba. Na zo tafiya da kai ne."

Ya ce, "Ina za ni, Sabi'u? Da wane idon zan koma?"

Na ce, "Ba gida na ce ba. Dubi kawunan mutanen nan da ke fitowa. Ka ga hula ɗaya mai wankin kirki?"

Ya ɗaga ido ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Da burushin takalmi suke wanke ta, shi ya sa zaren ke tashi."

Na kai maganar wajen mai unguwar Hausawa. Ya haɗa ni da wasu mahauta biyu, suka hau gidan Alhaji Tanimu suka sauko da keken Yaya Ɗan'azumi da ƙullin kayansa. Suka ce wa sauran mutanen gidan duk mai son fita ya fito. Wasu sun biyo su, wasu sun ce ba su da inda za su. Muka gyara keken irin nawa. Wani mahauci ya ba shi gefen rumfarsa, Pa Ngwa ya sa aka sassaƙa masa itatuwan da ake kifa hula a kai. Kafin wata ya zagayo huluna sun jeru a gabansa, yana ta mita wai ranar garin nan ba ta da zafin busar da sitaci.

Wata yamma sama ta washe, na ce ya zo mu hau dutsen. Ya ce in rufa masa asiri. Na matsa masa har ya yarda. Muka bi hanyar a hankali, ina gaba yana baya, muna tsayawa a kowane wurin hutu tarinsa ya lafa. Muka ratsa cikin itatuwan turare, ƙamshinsu na shiga har maƙogwaro, muka wuce inda ruwa ke zubowa daga saman dutse yana fesa mana a fuska. Da muka kai sama muka juya kekunan muka fuskanci garin. Ga kasuwa, ga tasha, ga masallacin da yake zama a ƙofarsa, duk sun zama 'yan mitsi-mitsi.

Ya daɗe yana mayar da numfashi. Sannan ya ce, "Tun da aka haife ni daga ƙasa nake kallon mutane, gwiwoyinsu nake fara gani. Yau dubi." Sai ya yi dariya, dariyar da rabona da jinta tun kasuwar Rogo, har tari ya sarƙe shi. Ya tambaye ni ta ina gida yake. Na nuna masa arewa, inda duwatsu suka jeru har ido ya gaza. Ya ce in kaka ta yi, hanya ta bushe, tare za mu koma.

Damina ta sake faɗuwa, tarin ya koma masa ciki. Ya fara zazzaɓi, numfashi na yi masa wuya. Muka kai shi asibiti suka ce sanyi ya kama huhunsa, ya kuma daɗe a jikinsa, tun zaman da ya yi a kan siminti cikin ruwa. Sun yi iya ƙoƙarinsu. Ina riƙe da hannunsa, bayan azahar, ya cika da kalmar shahada.

Washegari da safe aka yi masa sutura a unguwar Hausawa. Tun asuba ake ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wani ya zo ya ce ƙoramar da ke kafin maƙabarta ta cika ta tafi da katakon da ke kanta. Masu ɗaukar makara za su iya kutsawa cikin ruwan, amma keke ba zai wuce ba. Liman ya dafa ni ya ce, "Malam Sabi'u, ka yi haƙuri ka tsaya nan, in mun dawo ma yi addu'a tare." Na ce to. Amma da aka ɗaga makarar na kasa zama. Duk cikin mutanen nan ni kaɗai na san garinsu, ni kaɗai na san sunayen 'ya'yansa. Na bi bayansu, na ce ko a bakin ruwan ne in tsaya in hango.

Da muka iso ƙoramar na ga mutane a cikin ruwan sama. Mai gyaran rediyo ne, da mai ɗinki, da malamar makaranta a kan kekenta tana riƙe da igiya. Pa Ngwa yana tsaye cikin laka har gwiwarsa guda, ya jefar da sanda ɗaya, yana danna dutse a ƙarƙashin wani faffaɗan ƙarfe da suka shimfiɗa daga gaɓa zuwa gaɓa. Na gane ƙarfen. Ƙyauren shagonsa ne ya ɓalle ya sa aka ɗauko.

Ya share ruwa daga fuskarsa ya ce, "Wuce, ɗan'uwa. Zai ɗauke ka."

Masu makara suka bi ta kai, na bi bayansu. Na sauka daga keke na ja jiki har bakin kabarin, na ga yadda aka kwantar da shi, na zuba ƙasa da hannuna. Su Pa Ngwa suna can nesa gindin wata bishiya, sun cire huluna, ba su tafi ba har aka shafa fatiha. Alhaji Tanimu ma ya zo, yana sahun baya. Ya miƙo mini hannu na ba shi nawa, don wurin ba na magana ba ne.

Na zauna na yi aiki a shagon har hanya ta bushe. Mun haɗa wa mutane da dama irin wannan keke. Pa Ngwa ya so in zauna, ni ma zuciyata ta so, amma akwai saƙon da ba a aikawa da baki. Ya haɗa ni da wani direban motar goro, tsohon yaronsa. Mami Bih ta cika mini leda da soyayyar gyaɗa tana share ido da gefen zane. Shi kuwa bai yarda mun yi doguwar sallama ba, ya bubbuga kujerar kekena ya ce in riƙa duba birki, ya juya ya shige shago.

Kwana ɗaya na yi a Gwangwan na wuce Fulatan da ƙullin kayan mamacin. Labarin rasuwar ya riga ni isowa ta bakin fatake, an yi zaman makoki an tashi. Mahaifinsa, Malam Isiyaku, tsohon malami ne da ake zuwa ɗaukar karatu wajensa daga ƙauyuka. Na same shi a zaure a kan buzu, ganinsa ya yi rauni. Da aka gaya masa ko ni wane ne, ya sallami masu karatu. Na sauka na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya, ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gidanmu. Aka shiga da kayan cikin gida, na ji kukan mata ya tashi. Ya jira har ya lafa.

Ya ce, "Sabi'u, an ce mini bara aka kai ku."

Na ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam."

"Ya yi?"

Na ce, "Ya yi, Allah gafarta Malam. Amma ba a kanta ya rasu ba. Ya koma sana'arsa, har ranar da ya kwanta akwai hulunan mutane a gabansa."

Ya gyaɗa kai. Ya tambaye ni wa ya yi masa wanka, na faɗa. Wa ya sallace shi, na faɗa. Ya ce, "Da idonka ka ga an sa shi, ko gaya maka aka yi?"

Na ce da idona na gani. Sai na ba shi labarin ruwan, da ƙoramar, da ƙyauren shagon.

Carbin hannunsa ya tsaya. Can ya ce, "Musulmi ne?"

Na ce, "A'a, Allah gafarta Malam. Kirista ne."

Ya ce, "Yaya sunansa?"

Na ce, "Ngwa."

Ya gwada, harshensa ya ƙi. Ya ce "Ungwa," ya ce "Nagwa." Ya matso da kunnensa kusa da bakina ya ce in sake faɗa a hankali. Na faɗa, ya maimaita, na sake faɗa, ya sake maimaitawa, kamar yadda shi yake biya wa ɗalibansa, har sunan ya zauna a bakinsa daidai.

Ya ce, "To. Ba na so in yi kuskurensa in na ɗaga hannu."